Asirin da 'Yan Ɗaki Suka Rufa wa Garzali

Garzali ya sa hannu biyu ya ɗago ƙafarsa ta hagu ya sauke ta daga motar, sannan ta dama ta biyo baya. Mudasiru, ɗan Zangon Kumasi da ke yi masa lodi, ya riga ya zo ya tsaya daidai bakin ƙofar da kwandon kabeji a kafaɗa, ya tare shi daga tagar ofishin mudir, wato manajan kamfaninsu. Kullum haka suke yi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka Mudasiru mutum ne mai son tsayuwa da kaya a kafaɗa babu dalili.

"Massa, sauka a hankali," in ji Mudasiru, bai ko dube shi ba. "Mutumin yana kan waya."

Garzali ya dafa ƙofar ya miƙe, ya jira ƙasa ta daina yi masa lilo. Hantsi bai gama ɗagawa ba amma kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour da ke Doha ta fara turiri, warin albasa da na ruɓaɓɓen ganye sun gauraye da hayaƙin motoci. Zafi ne babban abokin gabansa. Da rana ta taɓa shi sai ƙafafun su ƙara nauyi, kamar an cika masa takalmi da yashi. Ya gama zagayen safe, ya kai wa gidajen abinci tumatir da latas, saura na la'asar. Ya kulle motar ya jefa makullin a aljihu.

Kawu Lado yana jiransa a inuwar rumfar mai shayi, ya sa farar jallabiyarsa ta zuwa asibiti. Lado mai gadi ne a wani kanti, ya daɗe a Doha har ya manta ɗanɗanon ruwan Gusau, kuma shi ya kawo Garzali ƙasar, don aminin mahaifinsa ne. A ɗakinsu na Ain Khaled shi ne uba, shi ne alƙali, shi ne mai rabon nama ranar Juma'a. Bai taɓa barin Garzali ya je ganin likita shi kaɗai ba. Yakan ce rakiya ce. Kowa a ɗakin ya san gadin baki yake yi.

Ciwon ya daɗe. Likitoci suna kiransa MS, suka ce garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta riƙa cin rufin jijiyoyinsa na ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya daina isa ƙafa ko ido yadda ya kamata. A farko yakan zo ya kwantar da shi ya tafi, ya tashi garau. Aka ɗora shi kan wata allura da yake ɓoyewa a firjin ɗaki, bayan robar man shanun Lado. Daga baya ƙafar hagu ta fara ja, ba ta kuma komawa daidai ba. Motar kamfani ba ta da kuloci, ƙafa ɗaya take buƙata, don haka aka ci gaba da lallaɓawa. Matarsa Haulatu da ke Gusau da yara, abin da ta sani kawai shi ne maigida yana fama da sanyin ƙafa.

Dokar ɗakin guda ce, kuma Lado ne ya kafa ta tun ranar da suka raka wani Ɗanbaba filin jirgi, bayan takardar hutun rashin lafiya ta isa ofishin kamfaninsu. A ɗakin nan ba a ciwo. In ciwo ya kama mutum, ba ya zuwa sashen gaggawa, ba ya karɓar takardar hutu. 'Yan ɗaki su rufa masa asiri: wannan ya karɓi aikinsa, wancan ya dama masa kunu, Lado ya zauna a kansa da zuma da habbatus sauda da addu'a. Kuma ko wa ya tambaye shi jiki, daga mudir har likita, amsa ɗaya ce, da sauƙi. Wallahi ba mugunta ba ce. Ƙauna ce tsantsa, irin wadda mutum ba ya samun bakin ƙi.

A cikin tasi Lado ya fara karatun da ya saba.

"Ka dai san abin da za ka ce."

"Na sani, Kawu."

"Su mutanen nan, duk abin da ka faɗa sai sun buga a kwamfuta. Kwamfuta kuwa ba ta da kunya, ba ta san ɗan wane ba. Ka karɓi allurarka mu dawo. Khalas, shi ke nan."

Garzali ya juya yana kallon dogayen gine-gine suna wucewa. Akwai abin da bai faɗa wa ko Lado ba. A watan jiya, a wata danja a Madinat Khalifa, ya ɗaga ƙafar dama zai taka birki sai ya rasa inda birkin yake. Ƙafar tana kansa, ido ya gani, amma tafin bai ji komai ba. Birkin hannu ya fizga. Kwandunan tumatir suka kife a baya, wata mata da ke tsallakawa da 'yarta ta juyo ta zazzaga masa masifa da Larabci. Tun daga ranar tafin ƙafar bai dawo daidai ba, wata rana ya ji, wata rana kamar ya taka katifa.

Likitar Basudaniya ce, doguwa, mai tabarau a kan hanci, ba ta da yawan dariya. Ta sa shi ya yi tafiya daga ƙofa zuwa taga tana kallonsa. Ya tattara duk ƙarfinsa ya yi tafiyar, yana jin idon Lado a ƙeyarsa. Ya dawo ya zauna a kujerar da ke gefen ta Lado, gumi yana bin bayansa duk da sanyin ɗakin.

"Yaya jikin tun ganinmu na baya?" ta tambaya da Turanci.

"Da sauƙi, likita. Alhamdulillahi."

"Babu wani sabon abu? Ido, hannu, fitsari, wani wuri da ya mutu ya yi kwanaki?"

"Babu."

Lado ya gyaɗa kai. Turancinsa bai wuce na bakin ƙofa ba, amma ya san ƙarar amsar da ta dace.

Likitar ta juyo da allon kwamfuta wajensa, ta nuna masa hoton ƙwaƙwalwarsa da fararen ɗigo-ɗigo a ciki. Ta ce tsofaffin tabo ne, ba ta ga sabo a fili ba, ko da yake hoto ba ya kama komai da komai. Sannan ta cire tabarau ta ajiye.

"Garzali, zan faɗa maka gaskiya. Ciwonka ya shiga zango na biyu. A da yana kawo hari ya koma. Yanzu ci yake yi a hankali ba ya komawa, shi ya sa ƙafar nan take ƙara ja. Allurar da kake yi ta kusa gama amfaninta a wurinka."

"To sai me, likita?"

"Masu zango na biyu kashi biyu ne. Akwai wanda wutar ta lafa a jikinsa. Akwai wanda har yanzu tana tashi, ko ya riƙa samun hari, ko hoto ya nuna sabon tabo. Su na biyun nan akwai magunguna masu ƙarfi da muke ba su, suna rage gudun ciwon. Amma suna raunana garkuwar jiki, ba abin wasa ba ne. Mutumin da ciwonsa ya lafa, haɗarinsu ya fi amfaninsu a wurinsa. Kai kuma shekara biyu ke nan kana ce mini babu hari ko ɗaya. Don haka abin da zan yi maka shi ne in tura ka wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki, in ba ka maganin sanƙarewar ƙafa. In lokacin sanda ya yi, mu yi maganar sanda."

Garzali ya maimaita maganar a ransa. Shekara biyu. A cikinsu ne, a azumin bara, idonsa na hagu ya rufe da hazo har bayan salla, Mudasiru ya riƙa sa rigarsa ta kamfani yana yi masa zagaye. A cikinsu ne hannunsa ya mutu ya kasa riƙe cokali, Lado ya riƙa ba shi abinci a baki yana tsokanarsa da ango. Duk sun wuce, an rufa asiri, an gode wa Allah. Ashe kowannensu ƙofar magani ce, su kuma suka taru suka danne ta da ƙarfinsu.

Likitar ba ta mayar da tabarau ba. Ta zuba masa ido.

"Zan sake tambayarka, don tafiyarka ta yau ba ta yi mini kama da ta mai sauƙi ba. Ka tabbata babu abin da ya faru?"

Garzali ya auna tambayar a ransa. Ya san me ke bayan kowace amsa. In ya ce babu, zai fita da aikinsa, da katin zamansa, da katin asibitin da ke rataye a jikin katin zaman, ya koma ya jira sanda. In ya ce akwai, zai samu maganin, amma sai ya faɗi zancen danja, kuma babu likitar da za ta ji zancen danja ta bar mutum a kan sitiyari. Direban da ba ya tuƙi kuwa, kafil, wato mai kamfanin da ya tsaya masa a katin zama, ba ya riƙe shi don kyan fuska. Ya sunkuyar da kai don ya guje wa idonta.

A nan ya gani. Takalmin Lado yana kan ƙafarsa ta dama. Tsohon ya ɗora masa ƙafa a ƙarƙashin tebur yana dannawa, irin takun nan na ka yi shiru, yana dannawa har jijiyar ƙwaurinsa ta fito. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake takawa. Garzali bai ji komai ba, ko ɗan nauyi.

Ya daɗe yana kallon ƙafafun biyu. Da wannan ƙafar zai koma Madinat Khalifa da la'asar.

"Likita," ya ce, "akwai."

Ya faɗi na ido. Ya faɗi na hannu. Ya faɗi na danja, da matar, da 'yarta. Lado bai fahimci kalmomin ba amma ya fahimci tsawon maganar, don da sauƙi ba ta taɓa kai haka tsawo ba. Ya janye ƙafarsa a hankali, ya zura hannu a aljihu ya fito da carbi.

Likitar ta rufe ido ta dafe goshi. Da ta buɗe, ranta a ɓace yake, ba ta ɓoye ba.

"Idonka ya rufe wata guda kana kwance a ɗaki? Asibiti yana nan a buɗe dare da rana! Da ƙarin ruwa na 'yan kwanaki da mun taƙaita maka shi. Da tun lokacin na canza maka magani. Don me?"

"Aiki, likita."

Ta yi tsaki a hankali. Ba shi ta yi wa ba, ya gane hakan. Ta jawo kujerarta kusa, ta fara yi masa bayani tana lanƙwasa yatsu. Akwai ƙwaya da ake sha kullum, siponimod, amma sai an gwada jininsa an ga ko jikinsa zai iya sarrafa ta, an duba ido da bugun zuciya, kuma ba a son a tsayar da ita kwatsam. Akwai ƙarin ruwa, ocrelizumab, da ake zuwa a kwanta a yi duk wata shida. Akwai wata ƙwayar, cladribine, wadda ake sha na 'yan kwanaki a shekarar farko, a sake a shekara ta biyu, sai a huta, tana ci gaba da aiki a jiki. Kafin kowanne sai an yi gwajin ciwon hanta da tarin fuka, an ɗauki hoton laka. Sunayen suka bi ta kunnen Garzali suka wuce. Abin da ya riƙe shi ne ta kullum, da ta wata shida, da mai zama a jiki.

"A cikinsu wanne ake samu a Gusau?" ya tambaya.

Ba ta san Gusau ba, amma ta gane tambayar. Ta ce ba za ta iya yi masa alkawari ba, magunguna ne masu tsada da wuyar samu a wurare da yawa.

"To mai zama a jikin nan fa? In an mayar da mutum gida, ai yana tafiya da abinsa."

"Sai an sha na shekara ta biyu ake cika shi. Za ka kasance a nan baɗi?"

Garzali ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya dubi Lado, Lado yana jan carbi yana kallon bango.

"Ƙafar fa, likita? In na fara, za ta dawo?"

"A'a." Ba ta yi kwana-kwana ba. "Maganin nan tsare abin da ya rage yake yi, ba ya dawo da wanda ya tafi. Ta daman, tunda sabo ne, akwai fata, za mu yi mata magani yanzu mu gani. Ta hagun kuwa, ba zan rantse maka cewa da ka zo da wuri da ta tsira ba. Amma da ta samu dama." Ta mayar da tabarau. "Kuma daga yau ba ka tuƙi, sai an auna ka an tabbatar. Ba zan kira kamfaninku ba, wannan ba aikina ba ne. Amma ba zan rubuta cewa kana iyawa ba."

A barandar asibitin Lado ya yi gaba da sauri kamar bai san shi ba, sai da ya kai bakin lif ya tuna wanda yake yi wa rakiya ba ya sauri. Ya tsaya ya jira shi, ya bar shi ya dafa kafaɗarsa.

"Ka faɗa mata."

"Na faɗa, Kawu."

"Duka?"

"Har wanda kai ma ba ka sani ba."

Ya mayar masa da abin da likitar ta ce, da Hausa, dalla-dalla, bai rage masa komai ba, har zancen cewa da ƙafar hagu ta samu dama. Ya san zai yi masa ciwo, kuma a wannan lokacin so yake ya yi masa. Lado ya saurara, fuskarsa ta yi wani iri.

"Wato ni na cuce ka ke nan. Ni da na kwana a kanka ina tofi. Ni da na wanke maka kaya da hannuna, Garzali, ban ko bari yaran ɗaki sun gani ba."

"Ban ce ka cuce ni ba."

"Ka ce mana! Me ya rage? Ɗanbaba da ya bi ta hanyar likita yana ina yanzu? Yana bakin tasha yana sayar da katin waya. Ubanka amana ya ba ni. Me zan ce wa Haulatu in ka sauka da jaka ɗaya da ƙafa ɗaya?"

"Kawu, ka taka ni ban ji ba."

"Me?"

"A ƙarƙashin tebur. Ka taka ni da ƙarfi, sai da ido na gani. Ƙafar birki ce."

Lado ya dubi ƙafar, ya dubi tasa. Ya juya ya danna maɓallin lif. Lif ta buɗe, suka shiga, suka sauka.

Amma Lado ba mutum ne da ke zama ba dabara ba. Kafin tasi ta kai su Abu Hamour ya riga ya ɗinka wata sabuwa. Mudasiru yana da lasisi, ya riƙa tuƙin, Garzali ya zauna a gefe da rigar kamfani, in an zo shiga kasuwa su yi musanya. Ranakun asibiti a ce ya je ofishin jakadanci. A lallaɓa a haka har a sabunta masa katin zama bayan babbar salla, daga nan Allah ya san gaba.

"Musanya a ina, Kawu? A bakin ƙofar kasuwa, inda masu baro da yara ke gilmawa, ni zan shigo da ita?"

"Taku nawa ne? Allah zai kiyaye."

Garzali ya gaji. Gajiya ce ta ɓoyo, ta tsayuwa a bayan kwandon kabeji, ta tattara ƙarfin yini guda don ya wuce ta gaban taga a miƙe. Ya sauka daga tasi bai nemi wanda zai tare shi ba. Mudasiru ya hango shi ya ruga zai ɗauki kwando, ya ɗaga masa hannu ya ce ya bari. Ya ja ƙafarsa a fili, a tsakiyar rana, har ƙofar ofis.

Mudir Abdul-Rahman Bamisire ne, mai tumbi da gajeren haƙuri, amma bai taɓa zagin ma'aikaci da iyayensa ba, abin da ya sa ake ce masa mutumin kirki. Yana cin biredi da wake a kan tebur lokacin da Garzali ya yi sallama.

"Yalla, ya Garzali, mene ne? Zagayen la'asar ya kusa."

Garzali ya tsaya ya dafa bayan kujera. Ya faɗi sunan ciwon, ya faɗi shekarunsa, ya faɗi abin da likita ta hana shi. Ya shirya wa ihu, ya shirya wa tambayar don me aka yaudari kamfani. Mudir ya ajiye biredin, ya goge hannu, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Don me ka faɗa mini?"

"Na'am?"

"Ya Garzali, makaho ka ɗauke ni? A azumin bara wata guda Mudasiru yana tuƙa motar nan da rigarka, rigar ko cibiyarsa ba ta rufe ba. Kullum yana tsaye a gaban tagata da kabeji kamar gunki. Masu lodi sun sani. Mai shayi ya sani. Mai gadin ƙofa, wa kake tsammani yake hana mutane ajiye mota a wurin nan na kusa? Kaya suna isa a kan lokaci, ni kuma na kawar da kai. Muddin babu wanda ya faɗa mini da baki, ban sani ba. Yanzu ka faɗa, na ji. Dole in kai wa kafil."

Garzali ya saki bayan kujerar. Ya zagayo ya zauna a kujerar ba tare da an ba shi izini ba. Wato duk kasuwar Abu Hamour, daga mai shayi har mudir, babu wanda aka ɓoye wa komai. Duk wahalar nan, duk raɗe-raɗin nan, duk kwanciyar ɗaki da rufaffen ido, mutum ɗaya tak suka yi nasarar rufewa, ita ce mai maganin. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji har ya rasa wanda zai ɗora wa.

"Mudir," ya ce da ƙyar, "ko wani aikin zaune. Sikeli, ko rubuta kaya. Shekara ɗaya kawai nake nema, in cika maganin."

Mudir ya kawar da fuska ya dubi taga, inda wani ɗan Nepal ke zaune a kan kujera gaban babban sikeli yana auna buhunan dankali.

"Bara kujerar can ta zama babu kowa. Wallahi kai na tuna. Na bar ta a buɗe ina jira ka zo ka ce mini ƙafa tana damunka. Na tambaye ka jiki da bakina, ba sau ɗaya ba. Ka ce lafiya lau." Ya ɗaga kafaɗa. "Zan yi wa kafil magana. Ban yi maka alkawari ba. Katinka yana da rai har babbar salla, ka yi abin da za ka iya a asibiti kafin nan. Motar kuma Mudasiru zai karɓa daga yau."

Ta cikin taga Garzali yana hango su biyun a rumfar mai shayi. Lado ya zauna a kan akwatin lemo ya haɗa kai da gwiwa. Mudasiru yana tsaye hannu rabbana, yana kallon ofishin, bai san an yi masa ƙarin girma ba.

"Makullin, ya akhi," in ji mudir, ya miƙo hannu.

Garzali ya zaro shi daga aljihu. Yana haɗe a zobe ɗaya da makullin ɗakin Ain Khaled da na akwatinsa. Ya sa farce zai buɗe zoben, yatsun suka ƙi. Tun harin hannun nan ba su ƙara iya ƙaramin aiki irin wannan ba. Ya sake gwadawa, zoben ya kuɓuce, makullan suka faɗi a cinyarsa. Ya ɗauka ya sake.

Mudir bai janye hannunsa ba, bai kuma ce kawo in cire maka ba. Ya juyar da kai wajen bango, ya tsura wa kalanda ido kamar akwai abin karantawa a jiki, yana jira, don kada ya ga abin da zai ba Garzali kunya.